Akwatin agaji da mai ciki a wurin aiki: yadda za ka shirya tun abu bai faru ba

Ni ce mai riƙe da kaye, wato littafin lissafi, a wani ɗan wurin tatsar man gyaɗa da yin ƙuli-ƙuli a nan Damagaram, mu goma sha wani abu ne, yawanci mata. Wata rana cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe ɗaya na rana, mai ya fantsamo wa wata yarinyarmu a hannu tun daga wuyan hannu har kusa da gwiwa. Muna da akwatin magani fa, sabo dal da jan kuros a jikinsa, amma yana cikin buro, buro a kulle, makulli kuma yana aljihun mai gida, shi ko ya tafi Mirya gaisuwar mutuwa. Kafin in ƙaraso wata ta shafa mata man goge baki, wata tana neman ƙwai za ta fasa a kai. Da muka kai ta likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya gama faɗansa a kan man goge bakin, sai ya dube ta ya ce cikin nan wata nawa ne. Ta sunkuyar da kai ta ce biyar. Wallahi babu wadda ta sani a cikinmu, hijabi ne har ƙasa, kuma da safen nan ni da bakina na ce ta kama mu sauke buhunan gyaɗa.

Daga ranar na fara bin abin daki-daki, na tambayi ma'aikatan lafiya, na nemi dokar na sa aka karanta mini. Ga yadda zan ce wa duk mai ma'aikata a ƙarƙashinsa ya yi, ko gareji ne, ko shagon ɗinki, ko lakwal mai zaman kanta, ko gidan abinci.

Fara da zagayawa

Kada ka fara da zuwa farmasi. Ɗauki bik da kaye ka zagaya wurin a lokacin da aiki ya yi zafi, ka riƙa tambayar kanka me zai iya ji wa mutum ciwo a nan. Mu wuta ce da tafasasshen mai da bel ɗin injin niƙa mai kama gefen zane. Mai walda tartsatsi a ido da kuran. Majema da dukawa wuƙa da sinadaran jima. Masu fasa dutse ɓaraguzai a ido da ƙura a ƙirji. Ka tambayi ma'aikatan su ma, don su suka san wayar da ke jan mutum in an taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu, kai da kake buro ba ka sani ba. Abin da ka rubuta shi zai gaya maka abin da za ka saya.

Akwatin kansa

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ɗora wa mai gida kula da lafiyar ma'aikatansa a bakin aiki, kuma tsarin ya raba abin gida uku: in ma'aikata ba su kai 20 ba akwatin agaji, daga 20 zuwa 100 ɗakin wanke ciwo da ɗauri, in sun haura 100 sai ƙaramin ɗakin shan magani sosai. Manyan wurare irin matatar mai ta SORAZ da ke hanyar Tanut nasu lissafin daban ne, yawancinmu a cikin gari a rukunin farko muke.

Abin da za a zuba ba shi da yawa: kwampires, wato ƙyallen rufe ciwo, mai tsabta cikin ledarsa da dama, bandi ƙanana da manya, siparadara ta manne bandi, betadin na wanke ciwo, ruwan wanke ido na farmasi, safar hannu ta roba, almakashi, ɗan hantsaki na cire ƙaya ko ƙarfe, ƙyalle mai faɗi na rataye hannu, sabulu, ledoji masu tsabta, fakitin garin gishiri da sukari na gudawa, ma'aunin zafin jiki, da tocila. Auduga ba a sa ta kai tsaye a kan buɗaɗɗen ciwo, tana liƙewa. Maganin sha kuwa ni dai shawarata kada ya wuce farasetamol. Kada akwatin ya zama teburin mai tallan magani, yau a ba wannan maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, gobe a ba waccan ƙwayar ciwon jiki, domin asfirin da ibufurofen da diklofenak duk ba na mai ciki ba ne sai da izinin likita, kuma kamar yadda na faɗa a sama ba kullum ka san wace ce mai cikin ba.

Kada a kulle shi. Na san abin da za a ce, za a kwashe kayan. To a ɗaure murfin da zare ko a manna takarda a baki yadda in an buɗe za a gane, a rataye shi inda kowa ke gani, a inuwa, nesa da murhu, sama da inda yara za su kai. Gara a sace maka bandi biyu a wata da abin da ya same mu.

Sai ruwa. Duk littafin agaji zai ce maka tara ƙuna a bakin famfo, mu ko a Damagaram kowa ya san halin famfo, balle a bazara. Saboda haka ka ware bido biyu masu lita 25, a cika su da ruwa mai tsabta, a rubuta a jiki na agaji ne, ba na alwala ba ba na wanke-wanke ba, a aje buta a gefe, a riƙa sauya ruwan duk sati.

Mutumin da zai buɗe shi

Nan ne aikin yake. A samu aƙalla mutum biyu da suka koyi agajin gaggawa, don in ɗaya ya tafi kasuwar Dole sayayya ɗaya yana nan, kuma in akwai mata a wurin dole ɗaya ta zama mace. Matar aure ba za ta buɗe cinya ko ƙirji gaban namiji ba ko da fatar na saɓulewa, za ta ce ba komai ne ta tafi gida da shi. Ƙungiyar agaji ta Kuruwa Ruj ta Nijar, mai alamar jan kuros, tana koyar da wannan, ana iya kuma roƙon majon likitar unguwa ya zo ya nuna. Karatu a waya ba ya maye gurbin a kama hannunka a nuna maka.

A jikin bango kusa da akwatin a rubuta lambobi da manyan baƙaƙe: 18 ta 'yan pompiye masu kashe gobara da ceto, ta likitar da ta fi kusa, ta mai adaidaita ko mai mota guda biyu da kuka saba da su, da ta mai gida. A sa kuɗin mota a ambulan cikin akwatin, kada a tsaya ana karo-karo jini na zuba. A kuma yanke tun yanzu ina za a nufa: ƙaramin ciwo likitar unguwa, babban rauni babbar likita ta ƙasa, mai ciki kuma matanite ko cibiyar uwa da yaro. Wanda ya suma ko mai naƙuda ba a ɗora shi a kabu-kabu.

In abin ya faru

Ƙuna: ruwa mai sanyi-sanyi, ba ƙanƙara ba, a riƙa zubawa a hankali da buta har minti 20, a duba agogo don minti 20 ya fi yadda ake zato tsawo. A cire zobe da awarwaro tun hannu bai kumbura ba, tufar da ta manne a bar ta, bororo kada a fasa. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba gishiri, ba man shanu, ba baƙin mai. A rufe da kwampires ko leda mai tsabta. In ta fi tafin hannun mai ciwon girma, ko a fuska take, ko a hannu, ko a gaɓa, ko a al'aura, sai likita.

Jini: sa safar hannu, ɗora kwampires ko ƙyalle mai tsabta ka danna da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa kana leƙe ba, in ya jiƙe ƙara wani a kai. Ƙasa da toka da garin taba da man birki da ake zubawa a gareji ba sa tsaida komai sai dai su kawo ruɓa. In ƙarfe ko kwalba ta shige ciki a bar ta, a danna gefe-gefe. Kuma a tambayi allurar tetanos.

Kuran: kada ka taɓa wanda ya kama sai an kashe wutar ko gurup ɗin, wato injin ba da wuta, in ba hali a ture wayar da busasshen ice. Ko ya miƙe yana dariya a kai shi a duba zuciya. Gurup kuma a waje ake kunna shi, hayaƙinsa a rufaffen ɗaki yana kisa shiru.

Sinadari a ido, ko jabel ko ruwan batir ko soda: a buɗe idon a yi ta zuba ruwa minti 15 zuwa 20, daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara ɗaya idon.

Zafi: a Afrilu da Mayu muna haura digiri 40, kusa da murhu kuwa sai wanda ya tsaya ya sani. Wanda jiri ya kwasa a kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a jiƙa jiki a yi fifita, in yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan. In babu fakiti, lita 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. In ya fara sambatu ko jiki ya yi zafi zau, wannan ya wuce gida, a ci gaba da jiƙa shi a hanya. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki, ko na addu'a ne a shafa masa dai. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe. In ba ya numfashi a kira 18, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a yi ta dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wanda ya koya ya haɗa da hura baki sau 2 bayan kowane danni 30.

Mai farfaɗiya kuma don Allah a daina gudu, yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. A janye shi daga wuta, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kai, ba cokali a baki ba dannewa, in ya lafa a juya shi ta gefe, in ya wuce minti 5 a ɗauke shi.

Bayan an gama a rubuta a kaye: wa, yaushe, me ya faru, me aka yi. Haɗarin aiki ana sanar da shi ga kes, wato CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, da ofishin insfektan ƙwadago cikin awa 48. Amma kes wanda aka yi wa rajista ta sani, in ba ka yi wa ma'aikatanka ba to duk ɗawainiyar a wuyanka za ta faɗo.

Maganar ciki

Mace a garin nan ba ta zuwa gaban mai gida ta ce Alhaji ina da ciki, balle na fari. Akwai kunya, akwai tsoron baki, akwai kuma tsoron a ce ta zauna gida a ɗauki wata. Kuma watanni ukun farko da ake ɓoyewa su ne lokacin da gaɓoɓin ɗa ke haɗuwa, lokacin da sinadari ya fi yi masa illa. Ke nan in ka jira sai ciki ya fito ka makara.

Abin da ya yi mana aiki shi ne aka zaɓi dattijuwa ɗaya a cikinmu, wadda kowa ke ce wa Inna, ita ake raɗa wa. Ita kuma sai ta zo ta ce mini wance a sauya mata wuri, ba ƙarin bayani, ni ma ba na tambaya, mai gida ma bai tambaya. Na ji ta sau ɗaya tana ce wa wata amarya, ke 'yar nan, in kin ga wata ya wuce ki zo ki same ni a bayan rumfa, ba wanda zai ji. Haka kawai. Amma wannan ba zai yiwu ba sai mai gida ya tara kowa, maza da mata, ya faɗa da bakinsa cewa ba a korar kowa a nan saboda ciki.

Ga abin da doka ta ba ta, kuma ya kamata ita ma ta sani. Konjen haihuwa sati 14 a jere, 8 daga ciki bayan haihuwa, ke nan 6 kafin. In ciwo ya biyo baya sanadin cikin ko haihuwar, likita ya tabbatar, ana ƙara sati 3. A cikin wannan lokaci mai gida ba shi da ikon sallamarta. Kes tana biyan rabin albashinta, wadda kuma ta shekara 2 a wurin mai gida ke cika mata sauran. Sati 8 ɗin nan kwana 56 ne, ya zarce arba'in da kwana 16, don haka masu cewa ai ta yi arba'in ta dawo bakin aiki ba su yi lissafi ba. Nijar ta kuma amince da yarjejeniya ta 183 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya a kan kare masu haihuwa a 2019. Ma'aikatan gwamnati nasu tsarin daban. Takardun kes a fara haɗa su tun ciki na wata shida ko bakwai, musamman mai cikin fari da za ta tafi goyon ciki gidan iyaye, in ta tafi Magarya ko Matamaye neman sa hannunta ya zama aiki.

Sai sauya aikin, ba rage albashi ba. A raba ta da ɗaukar nauyi, bido mai lita 25 kilo 25 ne, buhun gyaɗa kuwa ba a magana. A ɗauke ta daga bakin murhu da hayaƙi, daga warin esansi da fenti da gam ɗin takalmi, daga fiya-fiya da duk maganin ƙwari, daga hawa tsani ko tebur. In a likita take aiki ba ta shiga ɗakin hoton ƙashi. Mai tsayuwa a ba ta kujera, mai zama a kan keken ɗinki ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa. Ruwan sha a kusa da ita, kewaye kuma kada a ƙirga mata sau nawa ta je, mata da yawa suna ƙin shan ruwa ne don babu makewayi mai ƙofa, daga nan sai ciwon sanyin fitsari. Mu tsintar gyaɗa da ƙulla leda da karɓar kuɗi muke ba su, a inuwa, kuma a bazara su fara da sassafe su tashi kafin azahar.

Ranar awo a bar ta ta tafi ba yanke kuɗi. Hukumar lafiya ta duniya tun 2016 ta ce a ga ma'aikacin lafiya sau 8 a ciki ɗaya, a can ake auna tansiyo, a ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin palu da allurar tetanos. Karnen awon ya zauna a jakarta kullum. Azumi ma in ya zo a zafi a tuna mata addini ya yi rangwame, ta tambayi malami da sajfam, wato ungozomar likita.

Alamomin da in an gani ba a jiran miji ya dawo daga kasuwa, a kira shi a waya ana hanya: zubar jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, jijjiga, fashewar faya, zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ko ɗa ya rage motsi. In ta faɗi ko wani abu ya bugi cikin a kai ta ko ta ce lafiya lau. Jijjigar mai ciki ba aljanu ba ne, hawan jini ne, yana kashe uwa da ɗa, a yi addu'ar a cikin mota. Mai tsohon ciki ta gefen hagu ake kwantar da ita, rigingine yana danne babbar jijiyar da ke maida jini zuciya. In abinci ya shaƙe ta a bubbuga baya, in bai fita ba a ƙirji ake matsawa ba a ciki ba.

Bayan ta dawo da goyo

Doka ta ba ta hutun shayarwa har awa 1 a kowace ranar aiki, tsawon wata 12 daga haihuwa. Ku zauna da ita ku tsara, wata za ta so rabin awa sau biyu, wata da gidanta ke kusa za ta so ta haɗe ta je ta dawo. Wuri kuma ba wani gini ake nema ba, lungu mai inuwa da labule da tabarma da ruwa da sabulu, ba bakin makewayi ba.

Wata 6 na farko nono zalla ne, ko ruwa babu, ko a Mayu, don nonon kansa galibinsa ruwa ne, uwar ce za ta sha da yawa. Nan ake rigima da kakanni, su ce za a kashe musu jika da ƙishi, sai haƙuri da lallashi. Akwai kuma masu cewa nonon da ya yini a ƙirji cikin rana ya lalace sai an zubar, ba haka ba ne, nono ba ya lalacewa a jikin uwa. Wanda aka tatsa a kofi shi ke lalacewa: awa 4 da ake faɗa na ɗakin da bai wuce digiri 25 ba ne, mu kuwa mu kan yi watanni ba mu ga wannan ba, don haka sai a sa shi a kula mai ƙanƙara, wadda ke riƙe shi har kwana 1, ko firigo mai wuta tsayayya har kwana 4. Shi ya sa mu muka ga ya fi sauƙi 'yar raino ta zo da jaririn ta zauna da shi a lungun, nesa da murhu da inji. Ba a aikin wuta da goyo a baya, ba a kwantar da yaro ƙarƙashin tebur. Mai taɓa sinadari ta wanke hannu ta sauya riga kafin ta ɗauke shi. In nono ya kumbura ya yi ja ga zazzaɓi, ta ci gaba da ba shi, ta je likita a ranar.

Akwatin kuma ni nake duba shi duk Litinin ɗin farkon wata, in ƙirga kwampires, in duba ranar lalacewa a jikin betadin, in ja safar hannu ɗaya in gani, don zafin garin nan yana sa roba ta narke ta manne, siparadara ma ta daina kamawa. Watan jiya na tarar an ci kuɗin motar an bar ambulan, na mayar, na rubuta a kaye.